Yadda Za Ka Hana a Kashe Ka a Takarda

Ka bi matakan nan takwas, ni kuma na yi maka alkawari babu mai lorin da zai ƙona ka a hanyar Falgore alhali kana zaurenka kana shan koko. Sakamakon tabbas ne. An gwada su a kan mutum guda, Malam Ɗantani na Yako, tsohon malamin elementare, wanda ya saɓa wa bakwai daga ciki, ya kuwa mutu a shekarar 1954. Yana nan, yana gaishe ka.

Mataki na 1: Ka riƙa amfani da sunanka

Suna kamar keke yake. In ka jingine shi a soro shekara da shekaru, wata rana za ka ga wani a kai.

Sunan yankan Malam Ɗantani Inuwa. To, ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta faɗi. Sunan kakansa aka mayar, don haka ubansa ba ya faɗi. An haife shi ran Litinin, gari ya ce Ɗantani, magana ta ƙare. Matarsa Saude kuwa, shekara ashirin da shida suna tare, ko inuwar bishiya ba ta taɓa kira da sunanta ba, sai ta ce, "Malam, a kai maka tabarma wajen sanyi?" Haka ladabin mutane uku ya ajiye sunan shekara hamsin da biyu, sabo fil, ba a taɓa hawa ba. Wuri biyu kaɗai yake fitowa: littafin haraji, da bangon littattafansa.

Saboda haka ka roƙi matarka ta kwaɗa maka kira da sunanka a bakin rijiya sau ɗaya a mako. Za a ce ba ta da tarbiyya. Marar tarbiyya shaida ce a gaban alƙali.

Mataki na 2: Kada ka iya sa hannu

In ka riga ka iya, ka ɓoye.

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Saude, Hamidu mai awon gyaɗa ya yi sallama a zaure. Yana da lori ɗaya, tsohuwa, wadda ba ta tashi sai an tara mata jama'a kamar jana'iza.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Wata 'yar takarda ce ta Turawan inshora a Kano. Shaida suke so, wanda ya iya boko. Ka san mutanenmu, kowa sai dangwala yatsa, kamar masu ɗanɗana miya. Na ce musu akwai mutum ɗaya a Yako, in ya ja alƙalami ko Bature sai ya sake dubawa."

Inshora, in ba ka sani ba, caca ce ta masu riga mai tsabta. Mai mota yana ba kamfani wani abu duk shekara; in mota ta halaka, kamfani ya biya shi. Kamfani yana addu'ar mota ta yi tsawon rai. Mai mota kuma yana da tasa addu'ar.

Malam ya karanta littattafai da Larabci da Hausa da Ingilishi, har wanda ke bayanin taurari. Takardun Hamidu uku bai karanta ba. Tabaraunsa yana cikin ɗaki, kan akwatin Saude, shi kuwa tun rasuwar bai son shiga ɗakin. Ga kuma yabo yana masa daɗi, don kwana arba'in da uku ba wanda ya gaya masa komai sai haƙuri. Ya rubuta Inuwa Adamu sau uku, kowanne da 'yar wutsiya a ƙasa.

Ka lura: ɓarawon kirki ba ya fasa ƙofa. Ta'aziyya yake zuwa.

Mataki na 3: Ka san fuskar da ke kan lasinka

Za ka ce ba ka da lasin tuƙi. Malam ma haka ya zata.

Hamidu yana da direba, Sabo, wanda aka ƙwace wa lasin bayan ya shiga rumfar mai nama da lori. Takarda ta farko ta nemo sabon lasin: hoton Sabo, sunan Inuwa Adamu. Ta biyu ta ɗauki Inuwa aikin direba. Ta uku ta ce in ya mutu a bakin aiki a biya iyalinsa. A takarda, wata uku Malam yana kai gyaɗa Kano yana komowa, mutumin da ko jaki ya hau sai jiri ya kama shi. Har tara aka ci shi a Tudun Wada saboda gudu.

Mataki na 4: Ran Juma'a kada ka dogara da sahun gaba

Ran da ya mutu Malam yana sahun gaba a masallacin Kiru, mutum ɗari uku sun gan shi. Ba abin da wannan ya tsinana, don Ɗantani suka gani.

A daidai lokacin, can gaba da Falgore ta wajen Doguwa, hanya ba kowa, aka tura lorin cikin kwazazzabo, buhunanta cike da ɓawon gyaɗa, aka cinna mata wuta. 'Yan doka sun tarar da toka, da 'yan ƙasusuwa waɗanda wani makiyayi da ke wurin ya ce na tunkiya ne, amma da Fillanci ya faɗa, ba a rubuta ba. Sun kuma tarar da lasin a kan dutse. Wutar mai ilimi ce: ta cinye hoton, ta bar sunan.

Sabo ya koma Sabo, ya tafi Zariya. Hamidu ya sayi sabuwar lori, ya sa aka rubuta mata ayar haƙuri a goshi.

Mataki na 5: Ka so haraji

Ka bi mai karɓa har gida. Takardar haraji ita ce numfashinka a wurin hukuma.

Malam da Saude sun yi shekara tara suna shirin Makka. Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce, "Malam, ka je. In ka tsaya a Arfa ka ambace ni." Ya ce to. Abin da ya rage masa a duniya ke nan. Bayan kaka ya sayar da shanun nomansa, ya tafi neman fasfo. Aka ce ya kawo takardar harajin bana. Sai a nan ya tuna bana ba wanda ya zo masa, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Akawun da ke riƙe da littafin sunaye tsohon ɗalibinsa ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe littafi, ya bi da yatsa.

"Malam, wane suna?"

"Inuwa Adamu, Yako."

"Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwanka ne?"

"Ni ne."

"An ja masa layi, Malam. Takarda ta zo daga birni, da hatimi."

"To goge layin. Ga ni."

"Ina ganinka, Malam. Littafin ne ba ya ganinka."

"Ni na koya maka riƙon wannan alƙalamin."

"Kai ka koya mana in an rubuta ba a kankarewa. Har dukana ka yi a kai."

Tun da aka kafa ƙasar Kiru ba a taɓa ganin mutum ya tsaya a rana yana roƙon a karɓi harajinsa ba. Mutane sun zo kallo.

Mataki na 6: Ka tanadi tsoho mai tunawa

Alƙali ya ce abu mai sauƙi ne: shaidu biyu da za su rantse wannan shi ne Inuwa. Malam ya ɗauko Baba Buba, wanda ya ci naman sunansa da bakinsa.

"Baba, ka san wannan?"

"Ɗantani? Tun yana rarrafe."

"Sunansa na yanka?"

"Ragon dai fari ne," ya ce. "Mai ƙiba. Wannan zan rantse."

Aka kira Hamidu. Ya zo da babbar riga, ya gai da kowa. "Allah ya gafarta Malam, Ɗantani malaminmu ne, kowa ya san shi. Inuwa kuwa direbana ne, yaron kirki, har yanzu ban sami kamarsa ba." Ya share ido da hannun riga. Malam ya ɗora littattafansa goma sha ɗaya a gaban alƙali, kowanne da sunan a bango. Alƙali ya tambaye shi, a hankali, yadda kayan mamaci suka zo hannunsa.

Mataki na 7: Ka ziyarci matarka

Ba wadda ka binne ba. Wadda aka yi maka.

Kamfani ba ya biyan diyya sai ga iyali, don haka Hamidu ya samar wa Inuwa mata: Tasalla mai tuwo a tashar Tudun Wada. Malam ya je ya same ta a rumfa, ga tukunya a gaba, ga sabon keken ɗinki a baya an lulluɓe shi da zane. Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ajiye mara, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ashe kai ne Inuwa."

Malam ya nemi benci ya zauna. Tun da aka haife shi mace ba ta taɓa faɗin sunan nan a gabansa ba. Ya yi shekaru yana tunanin yadda zai fito daga bakin Saude. Ga shi ya fito a tasha, tsakanin miyar kuka da hayaƙin mota, kamar ana kiran mai bashin tuwo.

"An ce min dogo ne," in ji ta. "Na yi maka kuka a Kano, wallahi har Baturen ya ba ni hankici."

"Ki zo gaban alƙali ki faɗi gaskiya."

"In faɗi, wa za a kai gidan yari? Hamidu? Shi da ke aika wa manya buhu duk kaka? Ni za a kai, 'ya'yana huɗu su ci keken. Haba Baba. Kai fa mutuwar ba ta yi maka ciwo ba." Ta zuba tuwo ta tura masa. "Ci. Miji ba ya biya."

Ya ci. Tuwon da daɗi, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

Mataki na 8: In ka saɓa duka, ka karɓi abin da ya rage

Motar alhazai za ta tashi bayan kwana goma sha biyu. Akawu ya zo har zaure, ya rage murya.

"Malam, tsohon layi ba ya gogewa, amma sabon layi ba wuya. Ɗantani Yako, baƙo, ya zo bana. Mutum ɗari uku za su rantse. Gobe ka sami takardarka."

"Inuwa fa?"

"A bar shi ya huta."

Malam ya ce ya ba shi zuwa la'asar. Ya shiga ɗakin nan, ya ɗauki tabarau daga kan akwati, ya fito ya sa akawu ya nuna masa ranar da aka rubuta Inuwa ya mutu. Saude ta rasu a watan Sha'aban. Inuwa Adamu ya bi ta bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, kusan daidai kwanakin takaba. Malam ya yi shekara talatin yana gyara kuskuren yara da jan alli. Ya duba wannan sau biyu, bai ga wurin gyara ba.

Ya miƙa hannu. Akawu ya ba shi alƙalami. Ya ture alƙalamin, ya ce a kawo tawada, ya dangwala yatsa.

Ya je, ya tsaya a Arfa, ya ambace ta. Can ba wanda ya nemi takarda.

Ba ruwana

Wanda ya bi matakan nan matarsa ta yi yaji, ko gari ya ce ya zautu saboda son haraji, ko duk da haka aka ƙona shi, kada ya zo zaurena. Ɗantani bai rubuta komai ba. Baƙo ne, bai iya boko ba, ga yatsansa a littafi. Inuwa Adamu ne ya rubuta. Mai ƙara ya same shi a kwazazzabon da ke gaba da Falgore, hannun hagu in ka nufi Doguwa. In ba ya nan, ya tafi wajen sanyi.