Ranar da Na Kama Irin Shinkafa

A lokacin na gama haɗiye littattafan farautar azzaluman yaƙi, masu ɓuya a ƙasashen waje suna haɗa sabbin mutane a kwalba. Saboda haka da wani tsoho mai baƙin tabarau da tabo a kunci ya tare kusa da gidana a Badariya, ban bi ta kan gaisuwa ba, na fara bincike.

Wata safiya na jiyo shi ta katanga yana waya: "Tsohon iri sai mu kawar da shi gaba ɗaya. Wanda muka haɗa a Gulma ko ruwa ya shanye shi ba ya mutuwa."

Na ce lallai ga azzalumin yaƙi a bayan katangata. Ni kaɗai a duk Kebbi na gano shi! Na sa babbar riga, na tattaro mai unguwa da 'yan banga, ina gaba suna biye, ina ma tsara abin da zan faɗa a rediyo.

"Buɗe ɗakin ga!" na daka masa tsawa.

Tsohon ya buɗe. Farantai ne jere, shinkafa ta tsiro kore shar. Ashe malamin gona ne mai ritaya, yana gwada irin da ke jure ambaliya.

Mai unguwa ya dube ni. "Malam, wanne za mu ɗaure, shi ko shinkafar?"

Har yau in matata ta ajiye mini tuwon shinkafa, sai ta sara mini ta ce, "Ranka ya daɗe, ga mai laifin, mun tuƙe shi."