Kiɗan Ƙarshen Kaset

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin abokina Chidi ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

A majalisarmu ta Fagge kowa da fanninsa. Wani ƙwallo, wani siyasa, wani tsegumi zalla. Ni nawa kiɗan Turawa ne, musamman rok, irin wanda ake cin zalin jita da ganga. Har Farfesa suke ce mini. (Turancina bai wuce na cinikin yadi a kasuwar Kwari ba, amma hakan bai taɓa hana ni fassara waƙa ba.) Gaskiyar magana, ban yi fice a aji ba, ban yi a filin ƙwallo ba, a shagon yayana kuwa ninke atamfa ce aikina. Sunan nan shi kaɗai na mallaka, kuma ina ji da shi.

Babban abokin gardamata Nura ne, maƙwabcinmu. Ƙungiya ɗaya muke so, wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, amma shi ya kafe faifansu na farko ya fi, ni na ce na biyu. Mun yi shekara da shekaru a kan wannan. Hujjata guda ce, kiɗan da aka rufe faifai na biyu da shi. Babu murya a ciki, jita biyu ne kawai, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, a hankali, kamar masu hira bayan an kwashe kwanuka. Kullum Nura cewa yake shi bai san da wannan kiɗa ba, ni kuma in ce masa kunne ne Allah bai ba shi ba.

Tun ina sakandare na sami kaset ɗin faifan nan na biyu a shagon baban Chidi da ke Sabon Gari, gaba da shataletalen Bata kaɗan. Sana'arsa ke nan a lokacin: ka faɗi faifan da kake so, ya naɗa maka a kan sabon kaset. Na ji kaset ɗin nan har zarensa ya tsinke, na liƙe shi da jan farcen yayata. Lokacin da Inna take kwance a asibiti, kiɗan nan na ƙarshe nake toshe kunne da shi a baranda, ni kaɗai. Saboda haka idan ina kare shi, ba gardama kawai nake yi ba, da gaske nake sonsa.

To, ranar liyafar auren Chidi aka zaunar da mu abokan ango a teburin da ke kusa da na dattawa. Mai saka kiɗa ya sako wata waƙar pop ta zamani, na yatsine fuska na ce hayaniya ce. Nura, da yake ya san inda ake taɓa ni, sai ya gabatar da ni ga 'yan'uwan amarya a matsayin masani, ya kuma tayar da tsohuwar maganarmu. Na gyara zama na fara lacca. Ina cikin bayanin kiɗan ƙarshe sai Nura ya zaro waya, ya nemo faifan, ya tura mini ƙarƙashin hanci. Na duba jerin waƙoƙin daga sama har ƙasa. Babu kiɗana.

Da mai hankali ne, da ya yi shiru a nan. Ni kuwa na ce wayar ce ta yi ƙarya, masu intanet sun yanke mafi kyawun wurin don ba su san daraja ba. Na miƙe tsaye (har yanzu ban san abin da ya tayar da ni ba) na ɗaga yatsa na ce, “Ku tsaya ku ji. Hannun da ya kaɗa jitar nan bai taɓa cin tuwo ba. Duk ƙasar nan babu mai iya irinsa, mu sai hayaniya.”

Don in tabbatar, sai na fara kaɗa musu shi da baki. Daidai lokacin aka kashe kiɗa domin wani zai yi jawabi. Zauren ya yi tsit, ban da ni, ƙato da babbar riga, ido a rufe, ina ta tirin-tirin-tin. Ban ankara ba sai da na ji an amsa mini da fito daga teburin dattawa, amsar jita ta biyu, ba kuskure ko ɗaya.

Na buɗe ido. Baban Chidi ne, da jar hularsa ta biki, yana tahowa.

“Yarona, a ina ka ji wannan?”

Na ce ai a kaset ɗin da ya naɗa mini ne, na Turawan nan. Ya ɗan tsaya yana kallona, sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya jujjuya shi a gaban fuskata.

“Tuwo kam hannun nan ya ci, har da sakwara. Ni ne da ƙanena Obinna. Idan faifai ya ƙare kaset bai cika ba, ba na son in sallami mutum da shiru, sai in yi masa ciko da namu.”

Nura har ƙarƙashin tebur ya shiga don dariya. Kafin a raba abinci sunana ya koma Farfesa Ciko, kuma har yau bai sake ni ba. Na so ƙasa ta tsage, amma simintin zauren mai ƙwari ne.

Sai dai Baba bai daɗe yana dariya ba. Ya ja ni gefe ya tambaya ko kaset ɗin yana nan. Ashe Obinna ya rasu tun Chidi yana rarrafe, daga ranar kuma Baba ya rataye jita, shi ya sa ko ɗansa bai san kiɗan ba. Asalin naɗin nasu kuwa ruwa ya lalata shi wata damina da ya shiga shagon. Ya ce ya zaci ba zai ƙara jin hannun ƙanensa ba.

Washegari na kai masa, tare da tsohuwar rikodata. Muka juya zaren da biro zuwa ƙarshe, muka zauna. Yatsunsa ne kawai ke motsi a kan gwiwa. Da kiɗan ya ƙare ya ce mini Obinna ne mai tambaya, shi ne mai amsawa. Na bar masa kaset ɗin.

A hanyar gida, ina tsallaka Bata, na tambayi kaina: da tun ranar farko ya ce mini shi ne, da zan saurara har ƙarshe? Na san amsar, kuma ta fi dariyar Nura ƙona ni.

Yanzu kafin in rantse da Bature nakan waiwaya in ga ko baban wani yana kusa. Kuma ina nan a kan bakana cewa faifai na biyu ya fi, amma nawa, na Sabon Gari. Wanda Turawan suka fitar kam na saurare shi a waya, Nura ya fi ni gaskiya.