Gashin Bakin Bashmuhandis Ɗantsoho

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 2017, da ƙarfe biyar da minti goma na yamma, a rumfar mai shayi ta bakin kasuwar Alsahafa, Ɗantsoho ya murza gashin bakinsa ya ce, "Ni, gangar jikin motar rimot, kafin shayin nan ya huce na ƙera ta."

Na duba agogo na rubuta. Ni Uthman, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da zanen injina, kuma malamanmu sun hore mu da rubuta komai da lokacinsa.

Bari in fahimtar da kai, mai karatu. Mu magidanta tara ne da ke tseren ƙananan loruna masu rimot a wani fili na unguwar Alshajara kowace Juma'a bayan la'asar. Kowace mota tana da injinta da tayoyinta a ƙasa, a sama kuma ana kifa mata jiki na roba kamar ƙwarya. Daga waje muke sayo jikin. A makon nan kuwa mutanen birnin Omdurman za su zo karawa da mu, ƙarƙashin shugabansu Wa'il.

Shi Ɗantsoho mai gyaran fanka ne, amma ba ya amsa sallama sai an ce masa Bashmuhandis, wato babban injiniya. Gashin bakinsa ya yi kama da hannun keke, kullum yana ƙyalli da man riɗi.

Almahdi wanzami ya ajiye kofinsa ya ce, "In ka gaza fa, ya Bashmuhandis?"

"Gazawa? Ranar Juma'a motata za ta zagaya fili da jikin da hannuna ya yi, da sunana a goshinta da ruwan zinariya. In ba ta zagaya da sunan ba, ka aske gashin bakin nan a gaban mutanen Omdurman!"

Almahdi ya juyo gare ni ya ce, "Ustaz, ka rubuta?"

Na ce, "Har da minti."

Ranar Laraba da ƙarfe tara na safe na isa gidansa. Ya riga ya sayo fallen roba garai-garai guda goma sha biyu daga kasuwar Omdurman, ya sassaƙa kan lori da katako, wanda muke kira kalib. Hanyar aikin ba ta da wuya ga mai haƙuri: a ɗora kalib a kan akwati mai ƙananan ramuka, a ɗumama falle har ya yi laushi, a kifa shi, sai injin zuƙar ƙura ya janye iska ta ƙasa, roba ta kwanta ta ɗauki siffa.

Na ce, "Ya Hajj, ai da takardar bayani a cikin kwalin robar."

"Takarda? Na naɗe ƙosan ta'amiyya da ita. Ustaz, likita ake ba wa takardar shan magani?"

Ya ɗauko dokar matarsa Sittana, wato faifan ƙarfen da take toya kisra, siririyar wainar dawa, a kai, ya hura mata wuta kamar zai gasa rago. Falle na farko ya narke ya manne. Na biyu ya bi sawu. Na uku ya yi wani wari da ya fito da Sittana daga ɗaki tana toshe hanci da gefen mayafi.

Ta ce wa mijinta, "Abu Hala, kisrar wa kake toyawa haka?"

"Ya wuliyya, ke matar nan, koma ciki, wannan ilimi ne!"

"Ilimin nan kai za ka kankare shi daga dokata."

Da aka shawo kan zafin, sai aka zo kan injin zuƙa. Injin yana da baki biyu, ɗaya na zuƙa, ɗaya na hurawa. Sarkin injiniyoyi ya cusa mesa a na hurawa. Robar ta kumbura, ta yi tulu, ta yi randa, ta fashe da ƙarar da ta tura kajin gidan kan katangar maƙwabta. Ya ce gwaji ne, kuma don ya tabbatar mana gwaji ne, ya maimaita.

Bayan azahar, da mesa ta koma bakin zuƙa, roba ta kwanta a kan kalib, amma ta ƙi sakinsa, domin bai barbaɗa hoda ba. Ya sa kurfi da guduma ya ceto katakonsa har sau huɗu, kowane karo jikin lorin yana tsagewa gida biyu. Biyu kuma suka fita lafiya, sai ya ɗauko almakashin ɗinkin Sittana don yanke wurin tayoyi. Ya gyara dama ta fi hagu, ya gyara hagu ta fi dama, har abin da ya rage bai wuce marfin butar shayi ba.

Saura falle ɗaya. Ya tafi masallaci neman sa'a. Sittana ta dube ni, na dube ta. Ta ɗaga tafin hannu saman doka ta ce, "Yanzu, ya Ustaz." Macen da ta shekara ashirin tana kisra ba ta buƙatar ma'aunin zafi. Na barbaɗa hoda, na kunna injin zuƙa. Jiki ya fito sumul.

Ɗantsoho ya dawo ya duba ya ce, "Kun gani? Ko ba na nan, aikina tafiya yake."

To, ga abin da ya kamata ka sani. Irin wannan roba tana zuwa da wata siririyar leda manne a bayanta, ido ba ya ganinta, don kariya daga ƙarce. Shi ya sa daga ciki ake shafa fenti, launi ya riƙa haskowa ta waje, a ƙarshe a ɓare ledar. Ranar Alhamis na yi yunƙurin faɗa masa sau uku: ƙarfe goma, goma da kwata, da sha ɗaya saura biyar.

"Ya Hajj, fentin nan daga ciki ake..."

"Daga ciki? Ka taɓa ganin wanda ya haɗiye jallabiyarsa don ya yi ado? Halas, ya isa, Ustaz, sha shayinka!"

Na sha shayina.

Ranar Juma'a, gaskiya, motar ta yi kyau: ja jawur, furanni a ƙofofi, sunan yana walƙiya a goshi. Wa'il ya durƙusa ya ce, "Masha Allah, ya zol, mutumina! Da hannunka?"

"Da yatsu biyu ma."

An jera motoci a bakin layi ke nan, sai idon Ɗantsoho ya faɗa kan wani ɗan leɓe da ya ɗago kusa da taya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da tsere. "Ku dakata! Ni ba na fitar da aiki da lahani."

Ya kama leɓen ya ja.

Ja ya taho, furanni suka taho, sunan Bashmuhandis Ɗantsoho gaba ɗaya ya taho a hannunsa kamar fatar layya. Mota ta tsaya tsirara, ana ganin hanjinta. A ciki kuwa, ga batir an tokare shi da wata takarda mai maiƙo. Wa'il ya leƙa ta cikin robar, ya karanta, ya fassara wa jama'a da babbar murya: "A shafa fenti daga ciki. A ɓare ledar waje bayan an gama."

Ɗantsoho ya yi ta ƙoƙarin manna ledar da yawu, tana naɗewa a yatsunsa. Almahdi ya riga ya kifa akwatin lemo, yana wasa aska a tafin hannu.

"Tafaddal, zo ka zauna, ya Bashmuhandis. Daga ciki zan fara, ko daga waje?"

Ga abin da na rubuta a littafina da ƙarfe biyar da minti ashirin da biyu: falle goma sha biyu, uku sun narke, biyu sun fashe, huɗu sun tsage, biyu almakashi ya cinye, ɗaya ya rayu, shi ma aikin Sittana ne. Shaidu arba'in da bakwai. Gashin baki ɗaya, a jan aska shida.