Ranar da Kawu Malam Ya Yi Sallama a Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da zan manta hanyar gidanmu. Har yau idan ta faɗo mini a rai sai in ji gumi yana tsattsafo mini a bayan wuya, ko da kuwa ana tsakiyar sanyi.

Ni malami ne a Islamiyyar kawuna a nan Batsari. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya koya mini karatu, shi kuma ya ba ni ajin da nake koyarwa. Mutanen gari Malam suke ce masa, mu 'yan gida kuma Kawu Malam. Ba ya ɗaga murya, don ba ya buƙata. Daga bakin zaure zai yi gyaran murya, "Ehem, to, to," sai ka ga ƙarti masu gemu suna gyara zaman hula.

To, akwai wani wasa da muke yi duk Alhamis bayan la'asar, tunda ba makaranta. Ni ne da abokaina biyu, Nura mai yi wa dabbobi allura a Safana, da Lawal mai shagon taki a Karare, dukkanmu tsofaffin ɗaliban Kawu Malam. Ta intanet muke haɗuwa, kowa a ɗakinsa, muna jin muryar juna. Ni nake zana taswira a kwamfuta, kowannensu yana da ɗan hotonsa da yake ja a kanta, ni kuma ina ba da labari, ina yin magana a madadin duk wanda suka tarar. Daɗin abin yana wajen haske. Kowane hoto yana riƙe da fitila, kowa iya inda fitilarsa ta kai yake gani, bango ya tare sauran, ko'ina baƙi ƙirin. Ni kaɗai nake ganin komai.

Da can, idan za su shiga ɗaki sai na goge layin bango da hannu, kafin in gama har sun hango abin da na ɓoye, labari ya lalace. Da manhajar da muke wasan da ita ta kawo ƙofa da taga, wallahi kamar an yi mini kyautar babur. Ƙofa, dannawa ɗaya ta buɗe, dannawa ɗaya ta rufe. Taga kuwa ido yana wucewa, mutum ba ya wucewa. Nan da nan na zana musu cikakken gida irin namu, da zaure, da shigifa, da rumbu, da rijiya, da turaka can ƙurya.

A gidan nan ne muka ajiye wani tsoho mai gadin taska. Nura ne ya kawo shawarar (na faɗa ne don a san ba ni kaɗai ba ne, ko da yake ni na yanko hoton). Fuskar Kawu Malam ce, daga hoton wata walimar sauka, muka liƙa masa dorinar da ta fi shi tsawo, muka rubuta a ƙasa: Tsoho Mai Dorina. Duk wanda ya iso wurinsa sai ya yi masa tambayar hadda, in ya kasa ya sha bulala ya koma zaure. Ni nake yin muryarsa. Kuma, Allah ya yafe mini, na iya ta sosai.

Ana nan sai mahaifin wani ɗalibina ya wuce ta bayan ɗakina, ya ji ina cewa, "Lawal, ka ci, kwashe zinaren da ke rumbu." Bai tsaya ko'ina ba sai wurin Kawu Malam. Washegari aka kira ni. Na durƙusa, ko kallona bai yi ba ya ce, "An ce kana caca a kwamfuta. Ɗan caca ba ya koyar da 'ya'yan mutane a makarantata. Zan zo in gani da idona." Bai faɗi rana ba. Satin nan ko tuwo ba na iya gamawa, ina ta tunanin yadda za a ce an karɓe aji daga hannun ɗan gida, a garin da kowa ya san kowa.

Ni a lissafina sai ya aiko tukuna. Ina! Alhamis ɗin farko, muna cikin wasa, sai na ji daga zaure: "Ehem, to, to."

Na raɗa wa su Nura, "Malam ya zo, ku nutsu don Allah!" Na ja Tsoho Mai Dorina da gudu na jefa shi turaka, na danna ƙofa ta rufe. (Za ku ce me ya hana ni goge shi gaba ɗaya? Ko in sa wa ƙofar makulli, tunda akwai wannan ma? Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan har yau.)

Ya shigo, na shimfiɗa masa buzu. Su Nura suka shiga gaisuwa ta cikin kwamfuta, "Allah gafarta Malam, barka da yamma, ya ƙoƙari, ya ɗalibai." Ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi Lawal lafiyar mahaifiyarsa. Sannan ya saka tabarau ya ce a nuna masa. Na yi masa nasa ɗan hoton mai fitila, na ajiye kwamfutar a gabansa, ni kuma na riƙe waya, inda nake ganin gidan duka, har da wanda ke zaune a turaka.

Abin mamaki, bai sha wahalar koyo ba. Ya ja hotonsa cikin zaure, ya duba, ya ce, "Me ya sa ba na ganin tsakar gida?"

"Bango ne ya tare, Allah gafarta Malam. Sai an karya kwana."

"Madalla. Wanda ya yi wannan abu ya san gida. Ai daga zaure ba a hango matan mutane."

Na ɗan samu numfashi. Ya danna ƙofar shigifa ta buɗe, haske ya zuba tsakar gida, har ya yi ɗan murmushi. Ya zagaya rumbu, ya leƙa rijiya, ya tambaya ina kuɗin da ake zubawa. Muka haɗa baki mu uku muka rantse ba ko sisi, zinaren ma zane ne. Na ce, "To iyakar wasan ke nan, Allah gafarta Malam, kada mu gajiyar da kai." Ya ce bai gaji ba, ai akwai sauran ɗaki can ƙurya.

A nan na tuna da taga. Ni da hannuna na yi wa turakar taga, don su Nura su riƙa leƙawa. Ina kallon wayata, hasken fitilarsa yana matsawa, saura kaɗan ya faɗa ciki. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

"Wannan ɗan layin mai wani launi daban fa?"

"Taga ce."

"In na tsaya gabanta zan ga ciki?"

"Za ka gani, Allah gafarta Malam."

Sai ya ja hotonsa baya, ya yi dogon zagaye ta bayan rumbu, ya ce, "Ba a leƙa ɗakin mutane." Na ji kamar in rungume shi. A raina na ce, yau tarbiyyar tsohon nan ta cece ni.

Ya iso bakin ƙofar turaka ya tsaya. Bai danna ba. Ya gyara zama, ya fuskanci kwamfutar sosai, ya ce, "Assalamu alaikum."

Na ciji leɓe na yi shiru. Na san ƙa'idarsa, don shi ya koya mana: sallama uku ce, in ba a amsa ba ka juya ka tafi. Abin da ya rage mini kawai shi ne in kame bakina. Ya sake yi, na danne harshe da haƙori. Amma ku tuna, tun ina ɗan mitsitsi mutumin nan yake dasa mini cewa amsa sallama wajibi ne. Kuma watanni ke nan, duk wanda ya yi sallama ga tsohon nan, murya ɗaya ce take amsa masa. Da ya yi ta uku, da irin sautin da yake shiga aji da shi, bakina bai nemi shawarata ba.

"Ehem, to, to. Wa alaikumus salam. Wane malalacin ne? Shigo in ji haddarka!"

Inna lillahi. Ban bar komai ba, har da ɗan tarin ƙarshe da jan hanci. Na ji dariya ta kufce wa Nura daga Safana, sai ɗif, wai sabis ya ɗauke. Lawal ma nasa sabis ɗin ya ɗauke a daidai lokacin (abokai ke nan). Kawu Malam ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To, tunda an yi mini izini." Ya danna ƙofar.

Haske ya cika ɗakin. Ga shi nan zaune da rawaninsa na walima, ga dorina, ga suna a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya matso da fuska ya karanta a hankali, yana motsa leɓe. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa inda zan sa idona, sai na ƙura wa gashin buzu ido.

"Me yake yi a nan?"

"Gadi yake yi, Allah gafarta Malam. Tambayar hadda yake yi."

"Akwai wanda ya taɓa wuce shi?"

"Babu."

"Mhm." Ya cire tabarau ya ninke. "Wannan ba caca ba ce. Ka riƙe ajinka." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo ya ce a hankali, "Ban dai san haka nake a kunnenku ba." Wallahi da ya zabga mini dorinar gaske da ta fi mini sauƙi.

Na ɗauka an gama. Da safe na je gaishe shi kamar kullum, ga malaman makaranta zaune, ga baƙi daga Wagini. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ina kwana?" Bai ɗago daga littafinsa ba ya ce, "Amsa wa kanka mana, ɗan nan. Ai ka fi ni iyawa." Na yi ta ba da haƙuri, ya yi ta jira. Sai da na amsa wa kaina, da muryarsa, a gaban kowa, har da "ya iyali," sannan ya ce in tashi.

Aji dai yana hannuna, alhamdu lillahi. Amma har yau ni nake gaishe da Kawu Malam, ni nake amsawa, shi kuma yana gyara mini inda ban ja hancin daidai ba. Abin da na koya bai da yawa: in za ka ɓoye abu a bayan ƙofa, kada ka zauna kusa da ita ranar da mai ladabi zai zo yin sallama.