Ranar da Na Gaida Surukina a Guje

Abubuwa da yawa sun shige mini, har sunayen ɗaliban da na koyar duk sun gudu, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na gaida Baba Alhaji a kan katako ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jiharmu ba. An kwaso mu daga Kano an zube a Dutse, kowa yana jin shi ne zai kawo wa garin ci gaba. Ni malamin wasanni ne a wata sakandare, da usur a wuya da farin kambas a ƙafa, ina neman auren Rabi, 'yar wani ƙauye a bayan Aujara. Kawunnaina sun je sun gabatar da magana, mahaifinta Baba Alhaji ya ce sai ya ga kamun ludayina tukuna. Ga kuma wani ɗan kasuwar hatsi da ke zuwa zance a kan sabon babur, yana murɗa shi yara na ihu. Ni keke gare ni, shi ma da ƙafa nake taka masa birki.

Ana cikin haka na ga Turawa a talabijin ɗin wani abokina suna gangarowa daga kan tsauni, ƙafafunsu ɗaure a kan wasu dogayen katakai, suna zamiya a kan ƙanƙara. Sai na ce a raina, to me ya fi mu? Su ƙanƙara, mu yashi. Tudun rairayi kuwa Allah ya hore mana har ya yi yawa. (Wannan tunani, a lokacin, ni hangen nesa na ɗauke shi.)

Wata Asabar na shiga Kano, ina ratsa layin masu kayan Kwatano, sai ga su jingine tsakanin wani mataccen firji da kekunan yara.

"Alhaji, nawa waɗannan?" na tambayi mai shagon.

"Wallahi Malam, a cikin kwantena suka biyo. Dama benci nake shirin a yi mini da su. Ka san aikinsu ne?"

"Karatuna ke nan," na ce masa, ko kunya ban ji ba.

Kala uku ne. Akwai dogo siriri, na ce wannan na tsofaffi ne. Akwai gajere, na raina shi. Na ukun ja ne da ruwan ɗorawa, bakinsa a tanƙware gaba da baya. Mai shago ya juya shi ya ce, "Wannan ai ba ruwansa da ribas, ko'ina ka fuskanta gaba ne." Shi na ɗauka, da sanduna biyu, na sha rigima da kwandasta kafin ya yarda a ɗaure su a saman mota.

Matsalar sai da na iso gida ta bayyana. A tsakiyar kowane katako akwai wani ƙarfe mai kama takalmi. Na sa tsohon takalmin but ɗina na bautar ƙasa, ya kama, amma da na karkata sai ya ce ƙas, ya sake ni. Na kai wa Ilu mai faci. Ya danna, ya murɗa, ya girgiza kai.

"Malam, an cuce ka. Ina amfanin tarkon da ke sakin nama?"

Ya kwance ƙarafan ya jefa cikin buhun gwangwan, ya yanko robar tsohon tif ɗin mota ya kafa da ƙusoshi, irin ɗaurin da ake wa buhun gero a bayan keke. "In ka ƙulla wannan," in ji shi, "ko tirela ce ta ja ka, sai dai ƙafar ta fita, ba takalmin ba." Na yi masa godiya har da ƙarin goro. (Sai bayan shekaru na ji cewa sakin nan shi ne dukan hikimar ƙarfen, don in mutum ya faɗi ya rabu da katako. Wato abu ɗaya da Bature ya sa don ceton raina, shi na biya aka cire.)

Ranar sunan ɗan yayar Rabi na zaɓa. Bayan la'asar ni da abokin aikina Malam Sabo muka hau tudun da ke bayan ƙauyen, samari da 'yan mata suka biyo mu, har da mai babur. Sabo ya ƙulle mini ƙafafu tamau, ya taka ya ja da iya ƙarfinsa. Na gyara tsayuwa, na yi ɗan jawabi a kan wasannin zamani, na kalli Rabi, na tura da sanduna.

Ko motsi. Katakon ya nutse a yashi, na tsaya ƙiƙam kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye. 'Yan mata suka fara rufe baki da mayafi.

"Zo nan ɓangaren," in ji Sabo. "Nan ake sussuka, ƙaiƙayi ya rufe gangaren. Santsi ne da shi kamar sabulu."

Na ja ƙafafu zuwa can. Ban leƙa ƙasa ba, don gangaren yana da ɗan doro da ya kare abin da ke gindinsa. Sabo ya ce bismillah, ya dafa bayana.

Jama'a, abin yana aiki. Iska ta cika mini kunne, hulata ta yi nata wuri, na ji ihu a bayana har na fara murmushi. Ina haye doron nan sai na hango tsamiya, a ƙarƙashinta tabarmi, a kan tabarmin dattawan gari sun jeru bayan salla. A tsakiyarsu Baba Alhaji, da carbi a hannu.

To, ɗan Bahaushe in ya hango suruki, jikinsa ba ya jiran shawarar kai. Na watsar da sanduna na kai hannu zan cire takalmi, robar Ilu ta ce ina! Sai na yi abin da ya rage, na tsuguna, na sunkuyar da kai. Ashe tsuguno shi ne totur ɗin abin. Gudun da nake yi ya ninka.

"Barka da yamma, Baba!" na ƙwala tun daga nesa.

Dattawa suka watse. Wani tsoho da ya shekara yana salla a zaune, ranar na ga gudunsa. Butoci suka yi sama, ƙwaryar fura ta kife, na ratsa tabarma na daki gindin tsamiya, na dawo rigingine, ƙafafu a sama, katakai sun gicciye kamar almakashi. Ƙaiƙayi ya cika mini riga, ga shi ba dama in sosa a gaban manya.

Baba Alhaji kaɗai bai tashi ba, ƙafafunsa kawai ya naɗe. Ya leƙo fuskata.

"Barka kadai, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Madalla. To a cire takalmin mana, tabarmar salla ce."

Na ja, na murɗa, na yi gumi. Robar nan ko gezau. Sai Baba Alhaji ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake fasa goro, ya kama ƙafata ya ɗora a cinyarsa, ya shiga yanka a hankali, gari guda na kallo. Mutumin da ko sunan garinsu ba na iya faɗa a gabansa, shi ne riƙe da ƙafata. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige, in dai ba a kan katako ba.

Na koma Dutse na kwanta da ciwon ƙugu. Na aika wa Kawu Isa cewa kada ya wahalar da kansa, maganar Rabi ta mutu. Shi kuwa ya ce ko mutuwa ce ai a je ta'aziyya, ya tafi. Da ya dawo ya zauna a bakin katifata yana danne dariya.

"An ba ka," ya ce.

"Kawu, kada ka yi mini ba'a."

"Wallahi an ba ka. Cewa ya yi, yaron da masifa ta ɗauko a guje amma ya tuna ya tsuguna, yana da tarbiyya. Na ce to Alhaji, hankalin fa? Ya ce kada mu damu, Rabi tana da na mutum biyu."

Tun daga ranar na koyi cewa duk abin da zai ɗauke ka a guje, kafin ka tambayi yadda ake hawansa, tambayi yadda ake rabuwa da shi. Musu kuwa ban taɓa cin ko ɗaya a gidana ba. Da na ɗaga murya sai Rabi ta ce, "Malam, da wane hankalin za ka yi gardama? Ai naka yana wurina."