Ranar da Na Gwada Sanyin Tabuk a Ɗakin Kaji

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da Allah zai ja kwanana har in fara manta sunayen jikokina. Duk sanda ta faɗo mini a rai, ko a kan sallaya nake, sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa.

Ina aiki ne a wani sito na kayan sanyi a kudancin Jidda, wajen Kurayyat. Kaji da kifi da nama daskararru muke ajiyewa, muna rarraba wa gidajen abinci. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wurin. Makullin babban ɗakin sanyi, wanda muke ce wa tallaja, a hannuna yake tun ranar da kafilina, wato ubangidana a wurin aiki, Abu Faisal, ya zaro shi daga aljihu ya ce, "Riƙe. Kai ba ka da rawar kai." Makullin bai ƙara mini albashi ba, amma shi ne girmana a wurin. Saboda shi ake ce mini Dattijo, kuma ba wanda zai shiga tallaja sai da sanina.

Abin ya faro ne daga Abakar, direban babbar motarmu, Bahaushen Sudan. Wata rana muna cin abincin rana ya miƙo mana waya ya ce mu kalli duwatsun Tabuk, can arewacin Saudiyya. Fari fat, ƙanƙara ta lulluɓe komai, har raƙumi yana tafiya a cikinta. Musa, mutumin Maraɗi, wanda muke lodi tare, ya ce ƙarya ce, gishiri ne. Aka yi ta musu har Abakar ya ce, "Halas, ya isa, mu je mu gani da idonmu." Kafin mu wanke hannu an tsayar da magana: in sanyi ya kankama za mu nemi hutun kwana huɗu, mu je mu kwana a daji.

Ni aka ɗora wa tsara tafiyar, saboda littafina. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da wani malami yake yi mana ranar Juma'a a unguwar Bani Malik, kuma tun da hannuna ya fara faɗawa ba na rabuwa da littafi da biro. (Gaskiya har abin da bai kai a rubuta ba rubutawa nake yi. Na taɓa rubuta "sayo burodi" alhali mai burodin yana ƙasan benenmu.) Na buɗe sabon shafi, na ja layi da gefen iƙamata, katin zamana a ƙasar, na fara: shayi, sukari, gawayi, tocila, dabino.

Da na zo kan wurin kwanciya sai na tsaya. Ni mutum ne mai tsoron kunama, tun wadda ta harbe ni ina yaro. A cikin binciken da nake yi a waya na ga wani Bature ya ɗaure ragar kwanciya tsakanin itatuwa biyu, ƙanƙara ta kewaye shi, ya shige ciki yana murmushi kamar wanda aka ba kujerar Makka. Na ce alhamdu lillahi, ga mafita. Ƙasa ce ke da sanyi, ƙasa ce ke da kunama. Wanda ya rataye kansa a sama ya tsere wa duka biyun.

"Dattijo," in ji Musa da na yi musu bayani, "kai jemage ne?"

Na ce masa ilimi ne, shi ya sa bai gane ba. Wallahi haka na ce.

Na je haraj, kasuwar gwanjo, na sayo ragar da wani tsohon buhun barci mai zif. Sauran kayan ɗumi su ne matsala. Wanda ya san Jidda ya san ba a ajiye kayan sanyi a gida. Sanyinmu shi ne a rage na'urar sanyaya ɗaki. Na birkice akwatuna, abin da na samu mai kauri shi ne haramina guda biyu farare, da wata safa mai furanni ta mai ɗakina. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ta ce, "Malam, Umra za ka ko Tabuk?" Na ce mata ta bari, komai a rubuce yake.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Na riga na cika baki, kuma ban taɓa kwana cikin irin wannan sanyi ba. In muka je can na kasa, Musa zai samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarsa. Ya kamata in gwada tukuna. To ina zan samu sanyin Tabuk a Jidda?

Ina cikin wannan tunani hannuna ya taɓa makullin da ke aljihuna.

Ranar Talata, bayan sallar Azahar, kowa ya tafi cin abinci. Na ɗauki jakata na shige tallaja na ja ƙofa. Ma'aunin da ke bango yana nuna sha takwas ƙasa da sifili, kamar kullum. Na ɗaure ragar tsakanin kantocin ƙarfe biyu, kwalayen kaji a dama, kwalayen kifi a hagu. Na sa safar, na shige buhun, na ja zif har wuya. Harami ɗaya na naɗa a ciki, ɗayan na lulluɓa a waje tun daga kai har ƙafa. Niyyata minti talatin. Ban gaya wa kowa ba, don kada a yi mini dariya. (Ku riƙe wannan dalili, ku auna shi da abin da ya biyo baya.)

Minti biyar na farko na ji daɗi. Har na fara tsara yadda zan ba su labari a can kan dutse, in ce ai ni sanyi bai dame ni ba. Daga nan sai na ji kamar an shimfiɗa mini faranti na ƙarfe a gadon baya. Abin da Baturen bai faɗa ba, ko ya faɗa da Turancinsa ban ji ba, shi ne mai kwana a raga ta ƙasa sanyi yake cinsa. Nauyin jikina ya danne buhun ya zama kamar takarda, iskar fankokin tallaja kuwa tana ta wucewa ta ƙarƙashina. Kullum ina shiga ɗakin nan, amma da rigar aiki mai kauri, ina motsi, in ɗauki kwali in fita. Ban taɓa kwanciya a ciki kamar kaza ba.

Kafin minti goma sha biyar na ce na tuba. Na kai hannu zan zuge zif, ya ƙi. Ya cije bakin haramin ciki. Na ja sama, na ja ƙasa, yatsuna sun zama kamar ba nawa ba. Na yunƙura zan tashi zaune, ragar ta juya ta ƙara naɗe ni. Na buɗe baki zan yi kira, haƙorana suka hana ni, sai kaf-kaf-kaf. A nan na fara tunanin yadda za a kai labarina gida: ya rasu a Saudiyya, a ce Allahu Akbar, a Makka ko Madina? A ce a'a, a cikin kaji.

Sai na ji an buɗe ƙofa, na ji muryar Abu Faisal. Ashe ranar ce ya kawo wani babban baƙo, mai gidajen abinci da yawa, wanda ya daɗe yana nema ya riƙa sayen kaji a wurinmu. Ya neme ni bai gan ni ba, ya tarar ƙofar ba a kulle ba. Ina ji yana cewa da Larabci, "Bismilla, shigo ka ga tsabta. Mutumin da ke riƙe da ɗakin nan, shekara goma sha ɗaya ko ƙuda bai taɓa bari ya shiga ba."

Sai maganar ta yanke.

Ku sa kanku a matsayinsu. Dogon abu naɗe cikin farin ƙyalle, daga kai har ƙafa, rataye tsakanin kantoci a ɗakin ƙanƙara. Baƙon ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ni kuma, don in kwantar musu da hankali, na tattara ƙarfina na yi sallama. Abin da ya fito ba sallama ba ce, wani gurnani ne, ragar kuma ta yi lilo.

Ban ga gudun baƙon ba, amma na ji shi. Daga baya Abakar ya tsinci takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Abu Faisal ya yi ta ƙwala kira, ma'aikata suka cika ɗakin. Musa ne ya yi ƙarfin hali ya ɗaga haramin, muka haɗa ido. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Dattijo, an iso Tabuk lafiya?"

Abakar ya sa wuƙa ya yanke igiyar, na faɗo kan kwalayen kaji. A cikin buhun suka ɗauke ni, mutum huɗu, suka fitar da ni rana suka farke zif ɗin. Na zauna a kan wani kwali a tsakar sito, rana tana dukana ina karkarwa, safa mai furanni a ƙafata, mutum kusan ashirin a tsaye a kaina. Wani ya miƙo mini shayi, rabinsa ya zube a cinyata.

Abu Faisal ya tsuguna a gabana. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ya hajj, me ya sa?" Sai na nuna jakata. Musa ya ciro littafin, ya buɗe, ya karanta da ƙarfi yana fassara masa: "Gwajin sanyi. Talata bayan Azahar. Minti talatin. Kada Musa ya sani."

Dariyar da aka yi har masu gadin siton da ke maƙwabtaka da mu sai da suka leƙo. Abu Faisal kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Da ban zo ba fa? Me zan gaya wa iyalinka? Me zan gaya wa hukuma?" Da Musa ya yi masa bayanin tafiyar Tabuk da tsoron kunamata, sai ya ce, "Duk shekara ina zuwa can da 'ya'yana. A tanti ake kwana, a ƙasa, kan shimfiɗa mai kauri, kusa da wuta. Kunama ma ba ta fitowa a wannan sanyi, ta fi ka hankali. Kullum muna tare, me ya hana ka tambaye ni?"

Na cika shafi huɗu da tsari, amma ban rubuta "tambayi wanda ya taɓa zuwa" ba.

Ya miƙo tafin hannunsa. Na gane abin da yake nufi. Na laluba aljihu da yatsun da har lokacin ba su dawo ba, na ciro makullin na sa masa. A gabana ya juya ya ba Musa.

Bai kore ni ba, Allah ya saka masa da alheri. Sai da ya yi sati biyu yana bin baƙon nan da ban haƙuri kafin ya yarda ya dawo, kuma har yau mutumin ba ya shiga tallaja, daga bakin ƙofa yake leƙawa. Tabuk kuwa mun je. Abu Faisal ya ara mana tantinsa da wata babbar riga mai gashin tunkiya a ciki. Na kwana a ƙasa kamar kowa, na ga ƙanƙara, na taɓa ta, ba gishiri ba ce.

Makullin dai bai dawo ba. Yanzu in zan shiga ɗauko kwali sai na je wurin Musa, shi kuma ba ya buɗewa sai ya gyara tsayuwa ya tambaye ni a gaban kowa, "Dattijo, ɗauka ko kwanciya?"

Abin da na koya shi ne, dariyar da mutum yake gudu a gaban abokinsa ɗaya, in ya ɓoye ta a ɗakin sanyi ba ta lalacewa. Tana nan daram, har ranar da za a fito da ita a raba wa mutum ashirin.