Fulogi Huɗu da Alkawarin Kwalta

Jama'a, yau da safe na tsaya a bayan jama'a ina kallo, aka yanka ƙyalle a kan simintina. Har tafi na yi, don kada a ce ni ɗan adawa ne.

Ga yadda abin ya faro. Sana'ata dakon kayan gini. Da tsohuwar a-kori-kurata ta gaji, sai na ɗauki Bakanike muka je zaɓen wata. Biyu muka tarar. Ɗaya mai fulogi shida, doguwar ƙafa, tana shan mai kamar raƙumi. Ɗaya mai fulogi huɗu, 'yar lafiya, cikinta kusa da ƙasa.

Bakanike ya ce, "Maigida, ɗauki babbar. Kayanka siminti ne, hanyarku kuwa ko jaki sai ya yi shawara."

Na ce, "Kai ba ka jin rediyo? Mai Girma Sarkin Alkawari ya rantse kafin damina kwalta za ta zo har ƙofar gidana. Kuma wa zai shekara a layin mai saboda fulogi shida?"

Ya ce, "Wace daminar ya ce?"

Sai na biya ƙaramar. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Damina ta zo, kwalta tana can tana shiri. Makon jiya Magini, wanda shi ne rabin cinikina, ya ba ni siminti in kai masa wurin aiki, ya ce in ya jiƙe kada in sake nuna masa fuskata. Ina isa babban ramin nan na kwanar unguwarmu, wanda yara ke koyon iyo a ciki, motar ta zauna daram. Na taka, ta yi kuka, na sake takawa, ta yi tari ta mutu. Ga hadari ya haɗo.

Maƙwabcina mai faci ya ce, "A rage mata kaya, a sa buhu biyu ƙarƙashin taya ta samu abin takawa." Biyu suka zama goma. Motar ta fita fes, ruwa kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya a kan sauran da muka jibge a gefe. Muna ji muna gani suka zame cikin ramin. Wallahi na yi hawaye, ruwan sama ne ya rufa mini asiri.

Kwana biyu rana ta buɗe, siminti ya kama, rami ya zama dutse. Magini kuwa ya cika alkawarinsa, shi kam ba babban mutum ba ne. Ya sami wani direba mai fulogi shida.

To yau sai ga jerin motoci, kowacce mai fulogi takwas, bayanta wayam. Ɗaya lema kawai ta ɗauko, ɗaya kuma almakashi. Aka kafa allo: an kammala kashi na farko na gyaran hanya. Mai Girma ya buga ƙafa a kan simintina ya ce, "Kun ga aiki mai inganci?" Gaskiya ya faɗa, Allah ya ja zamaninsa, ban taɓa dakon siminti maras kyau ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai faci ya raɗa mini, "Sun ce kashi na biyu yana tafe."

Na waiga na dubi ramin gaba, na dubi 'yar motata. Duk mai simintin da za a kai masa, don Allah ya neme ni da wuri, hukuma tana jira.